Haɗin Dakta

A gidan Dakta ba a rashin lafiya sai da izininsa. Shi ke faɗin abin da ke damun mutum, shi ke yanke ranar warkewa, in kuwa ranar ta zo ba ka miƙe ba, to, raki ne ko son jiki. Dakta dai ba likita ba ne. Kemis gare shi a bakin titi, shago mai ƙofa biyu, ɗaya na kallon hanya, ɗaya na buɗewa cikin gida. 'Yan unguwa ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa cewa a bari ba. Har Umma da ta haife shi Dakta take ce masa, tana faɗa tana gyara zama.

Abin da ya ɗaga shagon shi ne haɗin ciwon jiki, ƙwayoyi kala uku a ƙulle cikin 'yar leda: ja, fara, da mai ruwan ƙwai. Leburori da direbobi da masu dako, kowa ya tashi aiki nan yake biyowa, ya watsa ƙullinsa a baki, ya kora da ruwa a tsaye, ya wuce yana sa albarka. Mai ƙulla haɗin ce ba wanda ke gani. Tana bayan labulen da ya raba shago da sito, a kan 'yar kujera, faranti uku a gabanta, a duƙe tun safe. Mijinta shi ne Auta, ƙanin Dakta mai tsaron shago, don haka duk gidan Matar Auta suke ce mata. Cikinta na fari ne, ya tsufa har ya kai in ta sunkuya sai ya tokare mata numfashi.

Da ciwon baya abin ya fara. Wata safiya ta kasa miƙewa daga kujerar sai da ta dafa bango. Dakta ya ɗago labule ya same ta a haka, ga ledoji zube ko rabi ba a ƙulla ba.

"Lafiya, Matar Auta?"

"Lafiya lau, Yaya. Bayan ne ya ɗan riƙe."

Ya yi dariya. "Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Maganin da mutane ke layi a kansa yana hannunki, kina dafa bango? Ɗauki ƙulli ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ki ɗan hanzarta kuma, anjima jama'a za su taso."

Ta sha, bayan nata ya saki kamar an zare mata ƙaya. Ta koma kan farantanta tana gode wa Allah da ya haɗa ta da wan miji mai tausayi.

Ba a jima ba ƙwarnafi ya biyo baya. Wani zafi ne ke tasowa daga saman cikinta, ya bi ƙirji, ya tsaya a maƙogwaro, ya bar mata tsami a baki. In ta ci abinci yana nan, in ba ta ci ba ya fi. Kwanciya ta gagara sai jingina da bango. Amma zafin bai dame ta kamar gyatsar ba. Gidan tare ake cin abincin rana a falon Umma, nan kuwa gyatsar ta fi son fitowa, babba mai ƙara, a gaban wan mijinta. Sai ta toshe baki da gefen mayafi, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Anti, matar Dakta, ba ta barin irin wannan ta wuce. "To fa, injin gidan ya tashi," in ji ta, yaranta suka kwashe da dariya har ɗaya ya ƙware.

"Ku bar ta," in ji Umma. "Gashi ne. Duk cikin da ya zo da ƙwarnafi, ɗan gashi gare shi. Haka na sha fama a cikin Dakta, ya fito kansa baƙi wuluk."

Dakta ya shafa sanƙonsa, aka sake dariya. Ita ma ta yi, don ba a barin manya su yi raha kai kana ɗaure fuska. Ta ture shinkafarta gefe ta ce ta ƙoshi.

Da ta ga abin na gaba, ta roƙi Auta ya kai ta asibiti awo, tunda ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ba. Auta mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in aka taka shi shi ke cewa a yi haƙuri. Ya kai maganar gaban yayansa, ita tana bayan labule tana ji.

"Awo?" in ji Dakta. "Me ake yi a awon da ba na yi a nan? Ka yi tunani mana, Auta. A ga matar gidan nan a layin asibiti riƙe da kati, gobe wa zai sake taka ƙofar shagon nan? Cewa za a yi mai maganin ma bai yarda da maganinsa ba. Kira ta."

Ta fito kanta a ƙasa. Ya naɗa mata abin awon jini a hannu, ya matsa, ya dubi allon yana gyaɗa kai, ya ce lafiyarta ta fi tasa. Ya ɗauko wata kwalbar farin ruwa mai ɗanɗanon alli ya ce ta riƙa sha bayan haɗin, zai kwantar da ƙwarnafin. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, tana jin kunyar ta sa mijinta ya yi tambayar da ba ta dace ba.

Farkon ganinta da jinin, ba ta ma gane jini ba ne. Da hantsi amai ya taso mata, ta ruga banɗaki, abin da ya fito baƙi-baƙi, kamar ragowar ganyen shayi a gindin kofi. Ta kora ruwa ta wanke wurin tas, ta koma sito. Bayan kwana kaɗan sai ya zo da ja a ciki, ja sosai, wanda ba ya buƙatar a tambayi kowa. Ta tsaya tana kallonsa gabanta na faɗuwa, hannunta ɗaya a kan cikin. Ɗan ya motsa, ta ɗan samu nutsuwa.

Anti ta faɗa wa, a kicin, cikin raɗa, tana roƙon kada maganar ta wuce su biyu. Kafin a gama zuba abincin rana maganar ta zama ta falo.

"Dakta, ƙanwarka wai jini take amayarwa," in ji Anti, tana miƙa masa cokali.

Matar Auta ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. A ce ana zancen amanta a kan abinci, gaban yara, gaban wan miji!

Dakta bai ko ajiye cokalin ba. "Jini? Wane irin jini? Kin manta akwai jar ƙwaya a haɗin? Kalarta ce ke fita. In ma jinin ne, maƙogwaro ne ya kurje saboda yunƙuri. Ki ci gaba da shan maganinki."

"Yaran yanzu, komai jini," in ji Umma. "Mu da muka haifi bakwai ba mu taɓa bin kwano muna duba abin da muka amayar ba. Kuma ana cin abinci, a bar maganar ƙazanta."

Ta ce, "Ku yi haƙuri, Umma." Ita ce ta ba da haƙuri.

Tun daga ranar ta koyi ɓoyewa. Ta ajiye tsohon gwangwanin madara a bayan kwalaye, in aman ya taso ta yi a ciki ba tare da ƙara ba, ta jira sai tsakar gida ba kowa ta je ta zubar. Tafin hannunta ya yi fari, leɓɓanta suka bushe. In ta miƙe sai sito ya juya da ita, ta riƙe kwali har ya tsaya. Bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, wannan kuwa ko Auta ba ta iya faɗa wa ba, balle a kai shi falo. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne ɗan. Da can in ta zauna ƙulli sai ya yi ta harbin gefen cikinta har ta yi masa tsawa a hankali, yanzu sai ta daɗe tana jira kafin ya ɗan juya.

Yayarta da ke aure a wata unguwa mai nisa takan kira ta a waya. "'Yar Baba, muryarki ta yi ƙasa. Ana kula da ke kuwa?"

"Haba Yaya, a gidan magani nake fa."

"Awo fa?"

"Ana yi min a gida."

Ta kashe wayar ta zauna tana kallon farantai. Ƙaryar ta dame ta, amma a ganinta tona asirin gidan miji ya fi ƙarya muni, haka aka rene ta.

Wata rana da la'asar, kafin masu tashi aiki su cika shagon, wata mata ta yi sallama. Daga muryar Matar Auta ta gane ta, matar maginin da ke bayan layinsu ce, ita ma da tsohon ciki.

"Dakta, haɗin nan da maigidana ke sha za a ba ni. Ƙuguna ya hana ni sakat."

"Shi zai sha ko ke?"

"Ni."

"Da wannan cikin? A'a, baiwar Allah. Mai ciki ba ta shan wannan, balle ciki ya tsufa. Yana cin tumbi har ya yi jini, yana taɓa ɗan. Ki sha ki samu matsala, gobe mijinki ya tara min hukuma a ƙofar shago. Je ki asibiti wurin awo su duba ki, shi ya fi."

Matar ta yi godiya, har da cewa shi ya sa ake son Dakta, ba ya cutar mutane don ciniki.

A bayan labule, ledar da ke hannun Matar Auta ta faɗi, ƙwayoyin suka gangara ƙarƙashin kwali. Ta ƙasan labulen tana hango ƙafafun mijinta a bakin tebur, cikin silifas ɗinsa. Yana nan tsaye, ya ji duk abin da ta ji. Ta zuba wa ƙafafun ido tana jiran su juyo, ko su matsa kusa da yayansa. Ba su motsa ba.

Dakta ne ya ɗago labulen. Da ya ga fuskarta ya gane ta ji, ya ɗan yi gyaran murya.

"Kin san 'yan waje ba a yi musu gwaninta, abu kaɗan sai ƙara. Ke taki daban ce, a gida kike, idona na kanki." Ya dubi ƙasa. "A tsince waɗannan, kada a taka."

Ta durƙusa da cikinta ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. Abin haushin, ita ce ta kasa haɗa ido da shi, sai ka ce ita aka kama da laifi.

Da Auta ya shigo ɗakinsu canza riga, ta tura ƙofa ta jingina da ita.

"Ka ji abin da Yaya ya faɗa wa matar nan?"

"Na ji."

"To?"

Ya yi ta neman hannun rigar kamar yau ya fara sa ta. "Ai ya ce ke yana sa ido a kanki."

"Jini nake amayarwa kullum. Ɗanka ya rage motsi."

Ya zauna bakin gado ya dafe kai. Ta ga idonsa ya kawo ruwa, ta san ba rashin so ba ne, sai dai son da ba ya iya buɗe baki bai cika amfanar mai ciwo ba.

"Me kike so in yi?" in ji shi. "In je in ce wa Yaya bai san aikinsa ba? Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya yi min aure, ɗakin nan da muke ciki nasa ne. Ki daina sha kawai, ba sai an yi magana ba. Don Allah ki rufa min asiri."

"Asibitin fa?"

"Bari in samu fuskarsa."

Fuskar Dakta kuwa ba ta samuwa. Yau yana lissafi, gobe kaya sun iso, jibi ransa a ɓace. Ta daina shan haɗin, bayan nata ya dawo da ciwonsa har da riba, jinin kuma bai tsaya ba, don ɓarnar ta riga ta yi nisa. Ƙulli ya ragu, Umma ta ce ai dama ciki na koya wa wasu lalaci. Sau ɗaya ta yi ta maza ta ɗauki mayafi da niyyar tafiya asibitin da ƙafarta. Ƙofar gaba ta cikin shago take, ta baya kuma sai an wuce falon Umma.

"Ina zuwa da rana tsaka?" in ji Umma.

Amsar na bakinta, gajeriya ce, amma ta ƙi fita. "Shanya zan kwashe, Umma."

Ta je ta kwashe kayan da ko bushewa ba su yi ba, ta kai ɗaki ta zauna a kansu ta yi kuka. Haushin kanta ya fi na kowa ci mata rai.

Ranar da abin ya fashe, shago cike yake da masu jiran haɗi. Dakta ya leƙo ya ce a yi sauri, ledoji sun ƙare a gaba. Ta ce to, ta miƙa hannu ga farantin ja, sai ta ji wani ɗumi ya taso mata wanda ba irin na kullum ba. Gwangwanin na bayan kwali, ba ta kai gare shi ba. Jini ya zubo ta baki a kan farantan uku, a kan zanenta, a kan siminti. Ta so ta kira wani, ta ji kunyar mazan da ke shago su ji, sai ta zame daga kujerar a hankali ta kwanta a gefenta.

Ƙarar farantin ce ta shigo da su. Tana jin muryoyinsu sama-sama.

"Saki labulen," in ji Dakta. "Auta, saki labulen nan, mutane na leƙe. Je ka ce musu haɗi ya ƙare sai gobe, ka ja ƙofa."

Anti ta shigo da bokiti tana salati. Dakta ya ce a kai ta ɗaki zai ɗaura mata ruwa, zuwa anjima za ta dawo daidai. A nan ne Auta, wanda tunda aka haife shi bai taɓa musa wa yayansa ba, ya fita ya taro tasi.

"To, ta ƙofar baya," in ji Dakta. Ya ja Umma gefe ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Shi ba zai je ba, in ji shi, ba a barin shago ba kowa.

A cikin mota kanta na kan cinyar Umma. Tsohuwar na shafa mata goshi, da gaske ta tsorata. Amma saƙon da aka ba ta bai faɗi a hanya ba.

"'Yar nan, in sun tambaye ki, ba ki sha komai ba sai farin ruwan nan na ƙwarnafi. Kin ji ko? Mutanen asibiti neman na kamawa suke. Gidanki ne, rufin asirinsa naki ne."

A asibiti aka ɗora ta a gado mai taya. Wata nas ta ja fatar idonta ta duba, ta tambayi katin awo, aka ce babu.

"Ciki ya kai haka ba awo? Ke wace irin uwa ce? Kina so ki kashe kanki ki kashe ɗan?"

Matar Auta ta rufe ido. Ba ta da bakin cewa ta roƙa, don wanda ta roƙa yana tsaye a gefen gadon.

Likitar da ta zo mace ce mai ƙaramar murya. Ta ɗora na'ura a kan cikin ta daɗe tana saurare, ta dubi allo, fuskarta ta canza.

"Bugun zuciyar ɗan ya yi rauni, ruwan da yake ciki ma ya ragu. Wane magani take sha?"

"Ba ta shan komai, likita," in ji Umma da sauri. "Sai na ƙwarnafi. Gidanmu gidan masu magani ne, ba a sha barkatai."

"Mama, ita na tambaya." Likitar ta sunkuyo kusa da fuskarta. "Ƙanwata, ki saurare ni. Abin da zan yi miki yanzu ya danganta da abin da kika sha da tsawon lokacin da kika yi kina sha. In na yi ta lalube, lokaci zai tafi, ɗan nan kuma ba shi da lokacin. Akwai abin da kika sha?"

Ta juya ido ta dubi mijinta. Yana kallon silifas ɗinsa. Ta dubi Umma, Umma ta ɗan girgiza mata kai. Duk tarbiyyar da aka yi mata ta taru ta danne mata harshe: ba a ƙaryata babba a gaban baƙo, ba a fitar da zancen gida waje. Ta ɗora hannu a kan cikin ta jira motsi. Shiru.

"Na sha haɗin ciwon jiki," ta ce. Muryar da ƙyar ta fito. "Safe da yamma, ya fi wata biyu. Wan mijina ne ya ba ni, kemis gare shi."

Umma ta ja numfashi ta juya baya. Likitar ba ta tsaya kallon kowa ba, ta tambayi kamannin ƙwayoyin da abin da ke rubuce a kwalayensu, ta faɗa mata iya abin da ta sani. Nan da nan aka hau kiran jini, aka tura gadon zuwa ɗakin tiyata. Ana tura ta tana hawaye, kuma ko a lokacin ba tsoron wuƙa ne ya fi yawa a ranta ba, tunanin da wane ido za ta sake kallon Umma ne.

Ta farka ta ga ledar jini rataye a kanta, yayarta zaune a gefe idanu sun kumbura. Auta ne ya kira yayar, kuma jinin da ke shiga jikinta nasa ne. An ciro mace, 'yar mitsitsiya, an sa ta a kwalba a ɗakin jarirai. Likita ta ce akwai fata, amma kada a yi mata alkawarin da ba nata ba.

"Kika ce min ana yi miki awo a gida," in ji yayarta.

"Ki yi haƙuri, Yaya."

"Kin ga, daina ba mutane haƙuri. Ya isa haka."

Da ta samu ƙarfin zama aka tura ta a keke ta je ta ga 'yar. Ga ta nan cikin gilashi, da robobi a hanci, ƙirjinta na ɗagawa yana sauka da sauri-sauri. Hannunta bai fi babban yatsa ba. Matar Auta ta daɗe tana kallo, tana tuna duk safiyar da ta buɗe leda da hannunta ta kora da ruwa ta yi godiya.

Daga gidan ba wanda ya leƙo sai Auta. Kullum yana zuwa da flas ɗin shayi da burodi, ya zauna a bakin gado yana murza hula. Rannan ya yi ta kewaye-kewaye, ta gane akwai saƙo.

"Faɗi mana."

"Masu duba shagunan magani sun je. Sun kwashe haɗin, sun rufe shagon, sai an je ofishinsu." Ya ƙara murza hular. "Unguwa duk ta ɗauka. Umma ko ƙofar gida ba ta iya fita. Ta ce... ta ce abin da ya faru ya faru, ƙaddara ce, ba wanda ya so. Amma kin kunyata gidan a gaban bare. In an sallame ki, ki fara zuwa ki durƙusa ki ba Yaya haƙuri kafin ki shiga ɗakinki."

Yayarta ta miƙe tsaye, Matar Auta ta riƙe mata hannu. Ta dubi mijinta. Wannan karon shi ne ya kasa ɗago kai, ita kuwa ta laluba cikin ranta inda kunyar nan ke zama kullum, ta ji ba ta nan.

"Kai me ka ce musu?"

"Ban ce komai ba."

"Na sani." Ta gyara kwanciya, ɗinkin ya ja ta, ta cije leɓe har ya lafa. "Ka ce wa Umma na ji. Zan ba Yaya haƙuri, har durƙusawar zan yi. Amma ba a falo ba. Ya zo nan ɗakin jarirai, ya tsaya gaban kwalbar nan ya dubi 'yar ƙaninsa, ni kuma in durƙusa a wurin in ba shi."

Auta ya kai saƙon, wannan dai ya iya. Aka ce Dakta ya ce shi ba ya son warin asibiti. Aka ce Umma ta ce yarinyar ta yi baki. Anti ta ce ita dama tun ranar farko ta faɗa a falo, ba wanda ya saurare ta. Kowa a gidan ya samu abin da zai faɗa, aka rasa mutum ɗaya da zai ce mun cuce ta.

'Yar ta yi ta fama a cikin gilashinta har ta fara kama nono. Kullum da rana uwar na zaune a kujerar da ke fuskantar ƙofar ɗakin jarirai, duk wanda ya turo ƙofar sai ta ɗaga kai ta duba. Shagon ma an sake buɗe shi kafin a sallame su, tafiyar kuwa daga can zuwa asibitin ba ta da nisa. Ranar sallama ta naɗe 'yarta a tawul, yayarta ta ɗauki jaka, Auta ya taro tasi ya tsaya riƙe da ƙofa. Direba ya tambayi inda za a nufa. Auta ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya rufe. Ita ce ta faɗi unguwar yayarta.